Babi na Biyar: Dama da Hagu

Ana tsaka da aikin tagwayen benayen Petronas a birnin Kuala Lumpur, cikin shekarun 1990, sai safiyoyi suka zo da labarin da ya hana injiniyoyi barci: bene na biyu ya karkace. Karkatar ba ta wuce milimita 25 ba, kwatankwacin tsawon gaɓar yatsa guda, a jikin ginin da zai tashi kusan mita 452. Mai wucewa ta titin Jalan Ampang ko wuni ya yi yana kallo ba zai gan ta ba. Duk da haka ba a ƙyale ta ba. Hawa 16 da suka biyo baya aka riƙa ɗan jingina su baya kaɗan-kaɗan har ginin ya dawo kan saiti, aka kuma ɗauko ƙwararrun masu awo suna duba miƙewarsa sau biyu kowace rana har ranar da aka tashi aiki.

Dole ce ta sa aka tsananta haka. Gungun kamfanoni biyu ne ke aikin, kowanne da benensa: na farko a hannun 'yan Japan ƙarƙashin Hazama, na biyu a hannun 'yan Koriya ta Kudu ƙarƙashin Samsung, kuma tsere suke yi da juna. A hawa na 41 da na 42, wajen mita 170 daga ƙasa, akwai gada mai tsawon mita 58 da za ta haɗa su, don haka tilas kowane bene ya tarar da ɗan'uwansa daidai inda aka yi alkawari. Mai zanen ginin, César Pelli, haifaffen Ajantina, ya ɗauko siffar kowane hawa daga zanen Musulunci: murabba'i biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka ɗan juya, suka ba da tauraro mai kusurwa takwas. Wannan tauraron ana iya raba shi gida biyu iri ɗaya ta hanyoyi da dama. Amma in mutum ya tsaya a lambun da ke gindin benayen ya ɗaga kai, layi ɗaya tak zai samu da ya raba abin da yake gani biyu, wanda ya ratsa tsakiyar gadar daga sama zuwa ƙasa. Abin da ke damansa shi ke hagunsa, kamar an kafa madubi a tsakiya. Irin wannan daidaito mai layi ɗaya shi ne na fuskar mutum, da na doki, da na fara.

Abin da ya ci wa injiniyoyi awo sau biyu a rana, jikin kowane yaro yana yinsa ba safiyo ba magwaji. Hannun dama da na hagu suna fara tsiro a mako na huɗu na ciki, a ɓangarori biyu na ɗan tayin da bai kai ƙwayar wake ba. Ba su haɗu ba, ba jijiyar da ke kai saƙo kai tsaye daga wannan zuwa wancan, amma bayan shekara 18 suna girma sai a auna a tarar bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Yadda ake hakan yana cikin tambayoyin da masana ke kan tono. A 2012 ƙungiyoyin bincike biyu, ta Pierre Léopold a Nice ta Faransa da ta María Domínguez a Alicante ta Sifaniya, suka gano wani ɓangare na amsar a jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. In wata gaɓa ta tsutsar ƙudan ta samu rauni ko ta yi jinkirin girma, sai ta saki wani sinadari da aka sa wa suna Dilp8, wanda ke sa sauran jiki ya dakata har ta cim masa. Ƙudan da aka cire wa wannan sinadari sai ya fito da fiffike ɗaya ya fi ɗaya. Ashe jiki ma yana da masu awonsa, yana kuma gyara karkata tun tana ƙarama.

A yammacin birnin Kuala Lumpur, cikin lambun Perdana, akwai gonakin fure biyu maƙwabtan juna da suka isa aji guda na darasi. Ɗaya ta bunga raya ce, furen da Malesiya ta ɗauka a matsayin na ƙasa a 1960. Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba, don ɗan'uwan zoɓo ne da rama, kuma da kuɓewa gidansu ɗaya. Kunnuwansa biyar sun kewaye tsakiya, ta ko'ina ƙwaro ko tsuntsu ya zo ƙofa a buɗe take. 'Yan taku kaɗan sai gonar furannin okid. Shi okid yana da sama da ƙasa, yana da dama da hagu, kuma kunnensa na ƙasa ya faɗaɗa ya zama dandamalin sauka. Ƙudan zuma ba shi da zaɓi: ta gaba zai sauka, ya cusa kai ta hanya ɗaya, sai furen ya manna masa ƙullin garinsa a wuri ɗaya na jikinsa, daidai inda furen gaba zai karɓa. Furen wake da na gyaɗa ma a kan wannan dabara suke, wanda duk ya tsuguna a gona da damina ya duba zai gani.

Kusa da nan akwai gidan malam-buɗe-littafi, inda ake nuna wanda ƙasar ke alfahari da shi, Rajah Brooke. Alfred Russel Wallace ne ya bayyana shi ga masana a 1855, ya sa masa sunan James Brooke mai mulkin Sarawak. Namijin baƙi ne wuluk kamar karan-miski, da jan wuya, kuma a kowane fiffiken gaba akwai zane bakwai kore shar masu siffar haƙori, jere reras. In ya sauka a jiƙaƙƙen yashi yana tsotsar ruwa ya shimfiɗa fikafikai, ana iya ƙirgawa: bakwai nan, bakwai can, na dama yana kallon na hagu. Akan samu, jefi-jefi, malam-buɗe-littafin da kuskure ya auku a rabuwar ƙwayoyin halittarsa tun farkon fari, sai ya fito rabinsa namiji rabinsa mace, launin kowane jinsi ya tsaya cak a tsakiyar baya. Irin wannan yana nuna cewa layin tsakiya iyaka ce ta gaske da jiki ya sani.

Me ya sa kusan dukkan dabbobi, kashi 99 cikin ɗari na nau'o'in da aka sani, suka zo da wannan tsari? Amsar tana cikin tafiya. Halittar da ke manne wuri ɗaya a ƙasan teku, ko wadda ruwa ke yawo da ita, abinci da abokin gaba ta kowace fuska suke zo mata, don haka siffar da'ira ta fi yi mata. Wadda ke tafiya da kanta kuwa tana da gefen da ke fara isa, can ne ya dace baki ya zauna, da ido, da hanci, da ƙwaƙwalwar da za ta karanta abin da suka kawo. Gaba da baya sun samu ke nan. Nauyi da ƙasa da hasken rana sun riga sun raba sama da ƙasa. Saura dama da hagu, kuma duniya ba ta fifita ɗaya kan ɗaya: kura na iya ɓullowa ta kowane gefe. Mai jaki ya san sauran zancen, don in mangala ta fi nauyi a gefe guda ba a kai kasuwa lafiya. Dabbar da ƙafafunta na dama suka fi na hagu tsawo kewaye za ta yi ta yi. A duwatsun Nilpena na kudancin Ostireliya an samu burbushin wata halitta mai girman ƙwayar shinkafa, Ikaria wariootia, wadda Scott Evans da Mary Droser da abokan aikinsu suka bayyana a 2020. Masana sun ƙiyasta shekarunta miliyan 555, tana da gaba mai ɗan kauri da baya siriri, an kuma same ta tare da irin ramukan da ake kyautata zaton ita ta haƙa cikin yashi. Tana cikin mafiya tsufan masu dama da hagu da aka sani.

Sai dai fa labarin ya fi daɗi a wurin waɗanda suka karya dokar, kuma yankin Malesiya cike yake da su.

A kasuwar Chow Kit, tsakanin tarin kifin da ke kan ƙanƙara, akan ga wani shimfiɗaɗɗe da masu sayarwa ke kira ikan sebelah. Gefensa ɗaya fari ne fat ba ido, ɗayan kuma mai duhu ne da idanu biyu a cunkushe, bakin a karkace. Ba haka aka ƙyanƙyashe shi ba. Yana ɗan ƙarami kamar kowane kifi yake, ido ɗaya kowane gefe, yana iyo a tsaye. Bayan 'yan makonni sai ido ɗaya ya fara ƙaura, ƙashin kai yana murɗewa, har ya haye zuwa wancan gefen, kifin ya kwanta a ƙasan teku da gefen da ya makance. Masu sukar Darwin sun daɗe suna kafa hujja da wannan kifi, suna tambayar amfanin idon da ya yi rabin tafiya. A 2008 Matt Friedman ya sake duba wasu burbushin kifaye masu shekaru wajen miliyan 50 da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai, ya nuna manyan kifaye ne da idonsu ɗaya ya hau kusa da tsakiyar kai ya tsaya nan.

A gonakin kwakwar manja, manoman ƙasar suna kafa akwatuna kan dogayen sanduna don farar mujiya ta yi sheƙa ta rage musu ɓeraye. Fuskar wannan mujiya daidai take dama da hagu, amma ƙarƙashin gashin akwai sirri: ramin kunnenta na hagu ya fi na dama tudu. Motsin ɓera daga ƙasa yana isa kunne ɗaya da ƙarfin da ya bambanta da na ɗayan, da haka take gane tudu da gangare, kamar yadda bambancin lokacin isar sauti ke gaya mata dama ko hagu. Roger Payne ya gwada ta a ɗaki mai duhun da ba ɗigon haske, ta kuwa cafke ɓera da ji kaɗai.

Sai katantanwa. In aka riƙe ƙoƙonta tsinin yana sama bakin yana kallon mutum, a mafi yawan nau'o'i bakin yana dama. Wadda aka haifa da juyin hagu cikin irin waɗannan takan rasa abokin barbara, don gaɓoɓinta ba sa haɗuwa da na sauran. Amma a tsibirin Kapas da ke gaɓar jihar Terengganu akwai wata katantanwar bishiya, Amphidromus inversus, da masu juyin dama da masu juyin hagu ke zaune a reshe ɗaya. Menno Schilthuizen, ɗan ƙasar Holan da ya koyar a jami'ar jihar Sabah, ya bi su da tawagarsa, ya wallafa a 2007 cewa a wannan nau'in barbara tsakanin mai dama da mai hagu ta fi yawa fiye da yadda sa'a kawai za ta bayar, shi ya sa ba ɓangaren da ya shafe ɗaya. A shekarar ce kuma Masaki Hoso na Japan ya ƙirga haƙoran wani maciji mai cin katantanwa, daga dangin Pareas waɗanda ake samun 'yan'uwansu a dazukan Malesiya. Muƙamuƙinsa na dama yana da haƙora wajen 25, na hagu wajen 18. Da wannan bambanci yake zaro naman katantanwa mai juyin dama cikin sauƙi. In ya gamu da mai juyin hagu sai ya yi ta fama, sau da yawa ta kuɓuce masa.

Mutum ma mai karya dokar ne, sai dai ya ɓoye tasa karyar a ciki. A Cibiyar Zuciya ta Ƙasa da ke titin Jalan Tun Razak, wadda aka kafa a 1992 kuma aka yi dashen zuciya na farko a ƙasar cikinta a 1997, duk hoton ƙirjin da aka ɗaga yana faɗin haka. Zuciya ta karkata hagu. Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu, don ya ba zuciya wuri. Hanta tana dama, tumbi da saifa suna hagu, ƙodar dama ta ɗan fi ta hagu ƙasa saboda hantar da ke kanta. Hatta bututun iska da ya rabu biyu, reshen dama ya fi faɗi ya fi miƙewa, shi ya sa in yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa galibi a huhun dama ake samunta. Hikimar a fili take. Hanji mai tsawon mitoci ba zai shiga ciki ba sai an naɗe shi, zuciya kuma famfo biyu ne masu aiki daban, ɗaya yana tura jini huhu a hankali, ɗaya yana tura shi har tafin ƙafa da ƙarfi.

To, ɗan tayin da ya fara daidai dama da hagu, ta yaya yake sanin ina ne hagu? Wannan tambaya ta fi yadda ake zato wuya. Sama da ƙasa ana iya gane su da nauyi, amma dama da hagu ba wani abu a waje da zai nuna su. A 1998 ɗakin binciken Nobutaka Hirokawa a Tokyo ya leƙa wani ɗan rami a jikin tayin ɓera mai kwana kusan takwas. Cikin ramin akwai 'yan gashi ƙanana ɗari biyu zuwa uku, kowanne yana juyawa kamar farfela, wajen sau 600 a minti, duk ta fuska ɗaya. Da yake sun ɗan jingina baya, juyin nasu yana kora ruwan da ke ramin zuwa hagu. Wannan 'yar igiyar ruwa ce ke tayar da wasu ƙwayoyin gado, Nodal da Pitx2, a gefen hagu kaɗai, su kuma su gaya wa zuciya da hanji inda za su nufa. A 2002 Shigenori Nonaka, a ɗakin binciken Hiroshi Hamada na Osaka, ya sa tayin ɓera cikin na'ura ya tura ruwan zuwa dama da ƙarfi, sai kayan cikin suka juya. Abin mamaki, Nodal ɗin nan yana da hannu a juyin katantanwa ma. Reiko Kuroda ta ɗauki siraran sandunan gilashi ta tura ƙwayoyin tayin katantanwa lokacin suna takwas kacal, ta mayar da mai juyin dama mai juyin hagu, aka wallafa a 2009.

Kusan mutum ɗaya cikin 10,000 ana haifarsa da kayan ciki a juye gaba ɗaya: zuciya dama, hanta hagu. Matthew Baillie, likita ɗan Sikotilan, ya bayyana irin wannan gawa a 1788. Da yawansu suna rayuwa lafiya lau har tsufa ba su sani ba, sai ranar da likita ya ɗora abin sauraro a hagu ya ji bugun yana can nesa, ko afendis ya tashi ciwon ya fito a hagu a yi ta laluben abin da ke faruwa. A 1933 Manes Kartagener na Zurich ya lura wasunsu suna fama da ciwon hanci da na huhu da ba ya ƙarewa, sai a 1976 Björn Afzelius na Siwidin ya gano dalili: 'yan gashin da ke share majina daga hanyar numfashinsu ba sa motsi. Masu wannan lalura kusan rabinsu ne kawai ke da juyayyen ciki, domin in igiyar ruwan nan ba ta gudana ba, jiki ƙuri'a yake jefawa. Wanda ya juye duka ya tsira. Haɗarin yana ga jaririn da ƙuri'ar ta rabu, wasu gaɓoɓi suka bi dama wasu hagu, a same shi ba saifa ko da saifa barkatai, jijiyoyin zuciya a harɗe. Irin waɗannan ne ke kaiwa ga teburin likitocin zuciyar yara.

In aka ƙara nutsawa, zancen ya kai ga ƙwayoyin sinadarai. A 1848 Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya zauna da madubin ƙara girma da ɗan hantsaki yana tsince lu'ulu'un wani gishiri gida biyu, don ya lura wasu hoton madubin wasu ne, kamar safar hannun dama da ta hagu. Rayuwa ta zaɓi hannu ɗaya: tubalan da jiki ke gina furotin da su na hagu ne, sukarin da ke cikin ƙwayoyin gado na dama. Shi ya sa magani mai hannu biyu kan yi aiki biyu. Thalidomide, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1957 aka riƙa ba masu ciki don laulayi, ya jawo haihuwar jarirai wajen 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Akan ce hannu ɗaya ne mai kwantar da hankali ɗayan mai ɓarna. Gaskiyar ta fi haka ɗaci, don ko an ba da mai kyaun shi kaɗai jiki yana juya shi ya koma ɗayan. Can ƙasa da wannan ma, a ƙarshen 1956 zuwa farkon 1957, Chien-Shiung Wu ta sanyaya ƙarfen kobal-60 ƙwarai a birnin Washintan ta nuna cewa ɗaya daga cikin ƙarfafan da ke aiki a cikin ƙwayar zarra yana bambanta dama da hagu. Tsung-Dao Lee da Chen-Ning Yang, da suka kawo shawarar gwajin, sun karɓi kyautar Nobel a 1957. Ita da ta yi aikin ba a sa ta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Zariya zuwa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak yakan sha mamaki a mako na farko wajen tsallaka titi, don Malesiya hagu take tuƙi, hannun da Nijeriya ta bari tun Afrilun 1972. A wurin cin abinci kuwa gida ya zo: da dama ake ci, da dama ake miƙa kuɗi, da dama ake karɓa. Kusan mutum tara cikin goma a duniya na-dama ne, kuma abin yana farawa tun a ciki, inda hoton awo ke nuna yawancin 'yan tayi babban yatsan dama suke tsotsa. Bahago ba shi ya zaɓa ba. Koya masa ladabin ci da dama abu ne mai yiwuwa cikin lallashi, amma dukan hannunsa don ya riƙe alƙalami da dama zalunci ne da ba ya ƙara masa komai sai tsoron makaranta. Ado ma bai ce dole sai an daidaita ba: aikin aska takwas a babbar riga gefen aljihu yake taruwa, a ƙirjin hagu, kuma ba wanda ya taɓa cewa maɗinki ya yi kuskure.

Inda wannan ilimi ya fi amfani kullum shi ne ɗakin duba marasa lafiya. Likita a Babban Asibitin Kuala Lumpur, kamar takwaransa a asibitin Murtala ko na Shika, yana da ma'auni a jikin kowane majinyaci: ɗayan gefen. Zai haska wannan ido ya haska wancan, ya saurari huhun dama ya koma na hagu, ya ce a matse masa yatsu da hannu biyu. Ƙafafu biyu sun kumbura tare, hankalinsa zai tafi zuciya ko ƙoda ko hanta, cutar da ta game jiki. Ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, musamman bayan haihuwa ko doguwar tafiyar jirgi, zai nemi gudan jini a jijiya. Ciwon suga yakan kashe jin tafin ƙafa biyu tare. Shan inna kuwa yakan ɗauki ƙafa ɗaya ya bar ɗaya, abin da Arewa ta gani da idonta shekaru da yawa kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Nijeriya a 2020. Akwai wasu ƙuraje masu raɗaɗi da ƙwayar ƙarambau ke fitarwa bayan ta yi shekaru a kwance cikin jijiya, Malayawa suna ce musu kayap. Sukan taso daga gadon baya su bi haƙarƙari kamar ɗamara, su zo tsakiyar ƙirji su tsaya cak. Tsofaffi a can suna cewa in ɗamarar ta haɗe mutum ya tafi, amma da wuya ƙwarai ta haɗe, don jijiya ɗaya ta gefe ɗaya ƙwayar ta biyo.

Mafi gaggawa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa suna gicciye a gindinta, don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama. A 1861 Paul Broca ya buɗe kan wani majinyaci a Paris, Leborgne, wanda ya yi shekara 21 ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, ya tarar da lalacewa a gaban ɓarin hagu. A wurin mafi yawan mutane can magana take zaune. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa harshe ma yakan tafi.

A gida, in aka wayi gari bakin dattijo ya karkace, maganar farko ita ce iska ta taɓa shi, a shiga neman hayaƙi da rubutu har rana ta faɗi. Addu'a ba ta hana ɗaukar mota. Abin da za a yi bai fi minti ɗaya ba: a ce ya yi murmushi a duba ko gefe ɗaya ya faɗi, a ce ya ɗaga hannuwa biyu a ga ko ɗaya yana sauka, a ce ya maimaita gajeriyar magana. Likitoci suna ƙara duba goshi. In jijiyar fuska ce kaɗai ta kumbura, lalurar da ke ɗauke da sunan Charles Bell, rabin fuskar duka ne ke mutuwa har gira, ido ya ƙi rufuwa, kuma yawanci takan warke cikin makonni ko watanni. In ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, goshin yakan ci gaba da tattarewa gefe biyu, domin shi daga ɓari biyu yake karɓar umarni, baki ne kawai ke zubewa. Wannan bambancewa aikin asibiti ne, iyali kada su tsaya yinsa. A Kuala Lumpur 999 ake kira. In gudan jini ne ya toshe hanya, allurar da ke narkar da shi tana aiki ne cikin sa'o'i huɗu da rabi daga lokacin da abin ya same shi, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba jijiya ce ta fashe ba kafin a yi ta. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa wanda ya kawo shi ita ce, da ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, kuma ya kamata wani cikin iyalin ya duba agogo tun kafin a fita daga gida.